Yadda ake gwada hasashe da alƙaluma

A ce an saita injin cika fakiti ya riƙa zuba giram 500 a kowane ɗaya, sai aka fara zargin yana rage awo. Ba zai yiwu a auna duk abin da ya cika ba, dole a ɗebi kaɗan. To, idan matsakaicin waɗanda aka ɗiba ya tsaya a 494, injin ne ya karkace, ko kuwa hannu ne kawai ya faɗa kan marasa nauyi? Aikin gwajin hasashe ke nan.

Kafin ka taɓa sikeli, rubuta hasashe biyu. Na farko, wanda ake yi wa alamar H0, shi ne cewa babu abin da ya canza, matsakaicin injin yana nan a 500. Na biyu, H1, shi ne cewa ya bar 500. H0 kamar wanda ake tuhuma ne a gaban alƙali: ba a kama shi da laifi sai hujja ta yi ƙarfi, kuma sakinsa ba ya nufin an tabbatar da tsarkinsa. A nan ne kuma za ka yanke ko gefe biyu za ka duba, ragi da ƙari, ko gefe ɗaya. Idan ba ka da ƙwaƙƙwaran dalili, ka duba biyun.

Sai ka tsai da alfa, wato yawan kasadar da ka yarda ka ɗauka ta yin watsi da H0 alhali gaskiya ne. An saba da 0.05 tun bayan da Ronald Fisher ya yaɗa shi a 1925, amma al'ada ce ba doka ba. Inda kuskure zai yi tsada, a sauko zuwa 0.01. Abin da ba a yi shi ne a ga sakamako tukuna sannan a zaɓi alfa.

Ɗibar samfur ita ce inda aka fi tafka ɓarna. Idan ka kwashi fakiti 36 a jere cikin minti biyar, halin injin na wannan ɗan lokaci ka auna, ba halinsa na yau da kullum ba. Ka ɗiba ta hanyar ƙuri'a a lokuta daban-daban. Babu lissafin da zai gyara samfur mai son kai.

Mu ɗauka fakiti 36 ɗin sun ba da matsakaici 494, ma'aunin warwatsuwarsu kuma, wato gwargwadon yadda nauyin fakiti yakan yi nisa da matsakaicin, giram 15. Nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 36, wato 6. Raba 15 da 6, ka sami 2.5, wannan shi ne gwargwadon yadda matsakaicin samfur irin wannan yakan yi lilo. Tazarar 494 da 500 giram 6 ce, ka raba ta da 2.5, sakamakon, wanda ake kira t, ya fito 2.4. Da yake warwatsuwar daga samfur ɗin aka ƙiyasta ta, teburin t ake dubawa, wanda ya samo asali daga aikin William Gosset na 1908. A layin 35, wato 36 ban da ɗaya, iyakar 0.05 ta gefe biyu tana wajen 2.03. Tunda 2.4 ya wuce ta, an yi watsi da H0. Kwamfuta za ta ba ka ƙimar p kusan 0.02.

Ma'anar wannan 0.02 ɗin ita ce: da injin yana daidai, sau biyu kacal cikin ɗari za a sami tazara irin wannan ko wadda ta fi ta. Ba ta ce yiwuwar H0 ya zama gaskiya kashi 2 ba ce, ko da yake mutane da yawa haka suke karanta ta. Ba ta kuma faɗi girman matsalar ba. Don haka ka haɗa da iyakokin amincewa na kashi 95, wato iyakoki biyun da ake kyautata zaton ainihin matsakaicin injin yana tsakaninsu: ninka 2.03 da 2.5, ka cire ka kuma ƙara a kan 494, za ka sami kusan 489 zuwa 499. Ragin zai iya zama giram 1, zai iya kai 11.

Ban da kuskuren yin watsi da H0 alhali gaskiya ne, akwai kuskure na biyu da Jerzy Neyman da Egon Pearson suka fito da shi fili, wato injin ya karkace amma gwaji ya kasa ganowa. Ƙarancin samfur ne yakan jawo shi. Da fakiti 9 kawai aka auna, da alƙaluma iri ɗaya, t zai zama 1.2, a ce ba a ga komai ba. Shi ya sa ake lissafa girman samfur tun farko, galibi da burin samun ƙarfin ganowa na kashi 80.

Ka kuma yi hattara da yawan gwaji. Idan ka gwada injuna 20 masu lafiya, kowanne a 0.05, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da laifin ƙarya ta kai kusan kashi 64. Gyaran Bonferroni shi ne ka raba 0.05 da 20, ka auna kowane gwaji da 0.0025.