Yadda na warware maganar motar da muka haɗa da yayana

Toyota Hiace ce, tana jigila tsakanin Tahoua da Konni. Ni da yayana muka haɗa kuɗi rabi da rabi muka saye ta, kart giriz, wato takardar mallakar mota, ta fito da sunayenmu biyu. Allah ya yi masa rasuwa bai bar wasiyya ba. Wasu cikin dangi suka ce motar duka gado ce, wasu suka ce tawa ce tunda sunana na kan takarda. Duk ba haka ba ne. Rabinsa kaɗai ke shiga gado, shi ma sai an biya bashi tukuna.

Takardar rasuwa na fara karɓowa a meri, wato ofishin magajin gari. Muka yi taron dangi, aka rubuta magada da wanda zai riƙe dukiyar marayu, muka kai jastis da shaidu, alƙali ya tabbatar.

Wurin kuɗi ne na fi taka-tsantsan. Ban yarda na faɗi farashi da bakina ba, tunda ni ne zan sayi rabinsa daga hannun magada. Dillalai biyu daga tasha suka duba inji da tayu suka yi mata kuɗi. Malam ya raba: matarsa tumuni (ɗaya cikin takwas), Inna sudusi (ɗaya cikin shida), saura na yara, namiji rabon mata biyu. Ni ko dala ban samu ba, don ya bar ɗa namiji.

Na biya rabin a gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Da waɗannan takardu na je ofishin sufuri aka fitar da sabuwar kart giriz da sunana, sannan na sake asirans kafin direba ya koma hanya.