Yadda za ku je hawan dutsen Afadja daga Accra ku dawo gida rana ɗaya

Jama'a masu tambaya ko mutum zai iya tashi daga Nima ko Madina ya je ya hau Afadja ya dawo ya kwana a gidansa, eh ana yi, amma fa sai an tsara, dan abin da ke cinye ranar hanya ce ba dutsen ba. Hawan kansa awa ɗaya ne ko da ɗan wani abu ga mai matsakaicin ƙarfi, amma mota za ta ci muku awa huɗu zuwa biyar a tafiya, ta sake cin wani haka a dawowa, toh in ba ku fita da wuri ba kun riga kun ɓata komai tun kafin ku ga dutsen da idonku.

Afadja, wanda aka fi sani da Afadjato, yana jihar Volta ne kusa da iyakar Togo, ƙauyen Liati Wote na gindinsa, Gbledi ma na ɗaya gefen, babban gari mafi kusa kuma Hohoe. Shi ne wanda aka koya mana a makaranta cewa ya fi kowane dutse tsawo a Ghana, littattafai na rubuta mita 885. Ni dai abin da ke damuna shi ne baƙi na tasowa daga Jamus da Amurka su biya kuɗin jirgi su zo su hau, mu 'yan zango da muke nan ƙasarmu ce amma da yawanmu ko gadar Adomi ba mu taɓa tsallakawa ba sai in biki ko rasuwa ta kai mu.

Farko maganar mota. Akwai motocin Hohoe a Tudu, akwai a Madina, amma trotro, wato motar haya, sai ta cika take tashi, za ka iya zama awa guda kana jiran mutum uku, ka sauka a Golokwati kuma ka sake neman tasi ko okada da zai shiga da kai Liati Wote. Wanda zai kwana a can ba matsala, amma mai son dawowa ranar gaskiya ban ba shi shawarar haka ba. Ku haɗu ku goma ko sha biyu, 'yan majalisa ɗaya ko 'yan makaranta ko 'yan uwa, ku yi karo-karo ku ɗauki shatar mota guda, ku yi magana da direba tun ana saura kwanaki, ku gaya masa ainihin inda za a je da lokacin dawowa dan kada a je can a fara rigimar kuɗin mai. Kuma direba ba ya hawa dutse, wannan ku riƙe shi da kyau, shi ya zauna a ƙasa ya ci abinci ya yi barcinsa, sabida shi ne zai tuƙo ku da yamma lokacin da ku duk kun gaji kuna gyangyaɗi.

In kuma ta hannun masu shirya irin wannan tafiya za ku bi, waɗanda ke tallata ta a Instagram da WhatsApp, babu laifi, akwai masu yi tsakani da Allah, sai dai kafin ka tura ko sisi ta momo, wato kuɗin waya, ka tambaya dalla-dalla: kuɗin nan ya haɗa da kuɗin shiga da na ɗan jagora ko sai an je kowa ya biya nasa, ƙarfe nawa mota za ta tashi kuma daga ina, mutum nawa ne, wane irin abinci za a ba da, in an fasa tafiya ana mayar da kuɗi ko a'a. Wanda ya ce maka za a tashi ƙarfe takwas a je Afadja a je Wli, wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse kusa da Hohoe, a dawo ranar, ka san ko dai bai san hanyar ba ko kuma da daddare sosai zai dawo da ku.

Lokacin tashi shi ne da an sallame asuba, kowa ya zo da jakarsa masallaci ko bakin mota, ƙarfe biyar ta yi muku a kan hanya. Kada a ce ana jiran wane yana wanka, a faɗa tun jiya cewa wanda ya makara mota ta bar shi. Masu tashi daga Nima, Maamobi, Fadama ko Sabon Zongo za su bi ta Tema su kama hanyar Akosombo, 'yan Madina da Adenta kuwa ta Dodowa da Somanya ta fi musu sauƙi, duk a Kpong ake haɗuwa. Daga nan sai Atimpoku, inda da mota ta rage gudu mata za su yanyame tagogi da tire a ka, ga abolo mai ɗumi a ganye, ga ƙananan kifin nan soyayyu da jatan lande, ku saya ku karya a cikin mota ba sai an tsaya an shimfiɗa zama ba. Sai ku hau gadar Adomi da aka buɗe a 1957, ku kalli kogin Volta da safe ga masunta a kwalekwale, ku wuce Juapong ku isa Asikuma. A nan akwai shingen jami'an shige da fice, dan haka kowa ya riƙe Ghana Card ɗinsa, in kuma akwai ɗan uwa da ya zo ziyara daga Nijar ko Najeriya ya ɗauko takardunsa kada a tsayar da mota gaba ɗaya sabida mutum ɗaya. Katin ma zai yi muku amfani a wurin biyan kuɗin shiga tunda farashin ɗan ƙasa daban na baƙo daban. Daga Asikuma ku bar hanyar Ho, ku bi ta Peki, Kpeve, Have har Golokwati, sai ku karya ku shiga ciki.

Da kun isa Liati Wote kada ku nufi dutse kai tsaye. Akwai ofishin baƙi na mutanen gari, nan ake rubuta suna a biya kuɗi a ba ku ɗan jagora, ku je da tsabar kuɗi dan netwok kan yi wasa a wajen. Na san halin samarinmu, wani zai ce ai hanya ɗaya ce ga ta nan meye na biyan gaid. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin nan a gindin dutsen aka haife shi, ya san inda ƙasa ke zamewa bayan ruwan sama, ya san in hadari ya haɗu ta wajen Togo minti nawa ya rage, ya san ganyen da ba a taɓawa sabida ƙaiƙayi, kuma in wani ya gurɗe ƙafa a sama shi ne zai kira mutanen gari a sauko da shi. Bayan haka kuɗin da kuke biya na shiga aljihun garin ne, dutsensu ne, gonakinsu kuke ratsawa. Ku gaishe shi da mutunci, ku gaya masa gaskiya tun a ƙasa in akwai mai asma ko hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa a cikinku, in ya ce a tsaya a tsaya, in kun sauko ku haɗa masa ɗan wani abu na goro ban da kuɗin ofis.

Hawan ba shi da nisa amma a miƙe yake, ba wasa. Mintin farko kana cikin gonaki kana hira kana ɗaukar hoto, kafin ka ankara hanya ta tashi tsaye, saiwoyin itatuwa sun zama matakala, wani wurin sai ka sa hannu ka dafa dutse ka ja jikinka. A nan ne za ka ga wanda ya fara da gudu ya zauna a kan saiwa riga ta jiƙe sharkaf yana haki, ga wata Hajiya da ta taho a hankali da sandarta ta zo ta wuce shi. Ku ɗan taka gajere-gajere, ku huta minti biyu ku ci gaba, ruwa kuma kurɓi-kurɓi ba a ɗaga gora a shanye lokaci ɗaya. Ku sa mafi rauni a gaba kusa da ɗan jagora, mai ƙarfi ɗaya ya tsaya a ƙarshe, kada ayari ya rabu biyu. Wanda ya ji jiri ko ƙirjinsa na ɗaurewa ko idonsa na ganin duhu-duhu ya zauna ya faɗa, kuma dan Allah kada a yi masa dariya ko a zuga shi ya ƙarasa, wani ya zauna da shi a inuwa har a sauko. Mai juna biyu da dattijon da gwiwa ke damu su zauna a gari, ba su yi asara ba, akwai tafiya zuwa ruwan Tagbo mai zubowa daga dutse kusa da garin, wadda ba ta da hawa sosai.

Kaya kuwa, takalmi ne kan gaba. Kambas mai ƙasa mai gargada wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ban da silifas, ban da sabon takalmin da ka saya jiya a kasuwar Kantamanto dan zai yi maka kanta tun ba a kai rabi ba. Jakar goyo dan hannuwanka biyu su zama a sake. Ruwa aƙalla lita biyu kowa, da ORS, wato garin gishiri da suga da ake jiƙawa a ruwa, ɗaya ko biyu a jaka, dabino, ayaba, gyaɗa, dafaffen ƙwai da biredi. Riga ta canji sabida wadda ka hau da ita ba za ta sawu a mota ba. Hula, fawa banki, filasta, mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a aljihu ba a bar shi cikin mota ba. 'Yan uwa mata, ba sai an ajiye sutura ba kafin a hau dutse, a sa wando mai faɗi da riga mai tsawo zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi, abin da ba ya yiwuwa shi ne doguwar abaya mai jan ƙasa ko hijabi har idon sawu, dan za ki taka bakinsa a wurin da ba a son tuntuɓe ko ƙaya ta riƙe shi.

A sama akwai iska mai daɗi, za ku ga ƙauyuka ƙanana a ƙasa da tsaunukan da suka shiga Togo, mutum ya tsaya ya yi tasbihi da gaske. Sai dai abin da za ku gani ya danganta da wata. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasa a bushe take hawa ya fi sauƙi amma hazon hunturu kan rufe nesa. Mayu da Yuni ruwa ne sosai, hanya santsi, ni ba zan kai yara ba a lokacin. Wajen Agusta ko ƙarshen Nuwamba ya fi min, gari kore kuma ba laka da yawa. Ista da 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, akwai cinkoson jama'a. Da azumi kuwa a bari kawai sai bayan sallah.

Saukowa ta fi hawa hatsari, a nan aka fi faɗuwa dan ƙafa ta gaji tana rawa kuma kowa na ɗokin ƙasa. A sauko a karkace, a ba na gaba tazara sabida duwatsun da ke gangarowa, waya ta koma jaka, inda ya yi tsaye sosai a zauna a ja gindi ba abin kunya ba ne. Ledar piya wata da robobi duk a sauko da su, kada a ce 'yan zangon Accra sun zo sun bar shara.

Abincin rana ku taho da naku daga gida, a sa wata ta dafa waakye ko jalof a zuba a kula, hankalinku ya kwanta kan naman da kuke ci. Ku ɗauko tabarma da buta. Tafiyar ta wuce kilomita ɗari biyu, ta zarce mil 48 da malamanmu ke faɗa na kasaru, amma kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ranar yadda zai yi da azahar da la'asar dan kada a tsaya gardama a gindin dutse. Hohoe ma akwai zango da masallatai in hanya ta bi da ku. Juma'a ba ranar wannan tafiya ba ce.

In kun sauko kafin ƙarfe ɗaya kuma da sauran ƙarfi, ɗan jagoran zai iya kai ku ruwan Tagbo, tafiyar kamar minti arba'in da biyar cikin gonakin koko da inuwa, ruwan na zubowa daga sama da sanyi ƙwarai. Wli kam ku bar shi sai wata rana, ya cancanci tasa tafiyar.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ko bai taɓa hawa komai ba sai bene, ya fara da Shai Hills. Awa ɗaya da ɗan kai ne daga Accra a kan hanyar Akosombo, za ka ga gwaggon biri zaune a bakin titi tun kafin ka shiga ƙofa, kada ka ba su abinci kuma ka riƙe ledarka. Ma'aikatan gandun daji ne ke shiga da ku, su nuna muku barewa da kogon jemagu da wuraren da mutanen Shai suka zauna kafin Turawan Ingila su kore su daga kan duwatsun a 1892, shekarar da aka sauko da mutanen Krobo ma daga nasu dutsen da ke gaba kaɗan wajen mararrabar Akuse. Nan za ka gwada ƙafarka ka dawo gida kafin la'asar.

Daga Liati Wote kuwa ƙarfe uku ta yi muku a cikin mota ko an je Tagbo ko ba a je ba, dan rana na faɗuwa wajen shida kuma gara duhu ya same ku bayan kun tsallako gada inda hanya ta fi jama'a. Ku yi magariba a Atimpoku ko Kpong, mutum ɗaya ya zauna gaba ido biyu yana taya direba hira, a ajiye lambar gaggawa 112 a waya, a kira gida a ce an kamo hanya. Wajen takwas ko tara kuna Accra in Allah ya yarda. Ku zaɓi Asabar, sabida washegari cinyoyi za su yi tsami sosai, mai shago ko mai zuwa ofis zai so ya samu Lahadi ya gasa ƙafa da ruwan zafi kafin Litinin.