Yadda ake hana kwikwiyo cizo tun yana ƙarami

Kwikwiyo da baki yake gane abubuwa, don haka kama hannu ko jan bakin zani ba mugunta ba ce. Haƙoransa na farko 28 ne, masu tsini, kuma daga wata 3 zuwa wata 6 ko 7 yake famfara, 42 su maye gurbinsu. A tsakanin nan dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya tauna.

Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan sai ya tsala ihu ya bar wasan, da haka yake koyon sassauta baki. Wanda aka ɗauke yana mako 4 ko 5 bai sami wannan tarbiyya ba, shi ya sa cizonsa ya fi zafi.

A gida abin da 'yan'uwansa suka yi za ka ci gaba da yi. Da haƙori ya taɓa fatarka, ka ce "a'a" sau ɗaya, ka bar hannun ya saki. Kada ka fizge, fizga tana ƙara masa son kamu. Ka miƙe ka ba shi baya na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ka miƙa masa abin da aka yarda ya tauna: igiya mai kauri da aka ƙulle, ko tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Ya kama, ka yabe shi nan take, ka ba shi ɗan dafaffen nama kamar girman wake. Tsohon takalmi kuwa kuskure ne, ba ya bambance shi da sabo. Kowa a gidan ya bi doka ɗaya, musamman yara, masu gudu suna ihu har ya ɗauka wasa ne.

Duka, matse baki da ɗauri a sarƙa dare da rana, wai don ya yi zafin gadi, tsoro kawai suke dasa masa. Kare matsoraci shi ke cizon ɗan maƙwabci. Haka idan ya yi gurnani kada a hukunta shi, gargaɗi ne. Wanda aka hana gurnani cizo yake kaiwa babu sanarwa.

Lokacin da kwikwiyo ke saurin sabawa da mutane da dabbobi gajere ne, daga mako 3 zuwa kamar mako 14. A cikinsa ya ga mai babbar riga, mai hijabi, tsoho da sanda, yara, kaji da awaki, ya ji ƙarar babur da janareta daga nesa tukuna. Minti biyar ya isa. In ya naɗe wutsiya ya ja baya, a ƙara tazara, kada a tura shi. A riƙa taɓa masa kunne, ƙafa da baki a hankali kullum.

Kafin alluran rigakafinsa su cika, a ɗauke shi a hannu in za a fita, kada ya taka inda karnukan titi ke kashi, saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini. Likitan dabbobi yakan fara allurar rigakafi daga mako 6 zuwa 8, ta haukar kare kuma a wata 3. In cizo ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sannan a tafi asibiti ranar.