Yadda nake ba ɗalibai aikin gurup a Google Docs

Malamai 'yan uwa, duk wanda ya taɓa raba aji gurup-gurup ya san yadda ake yi, mutum goma ne a takarda amma biyu ne ke wahala, sauran sai ranar miƙawa su kawo kuɗin firintin a saka sunansu a bango. Abin nan yana damuna sosai, shi ya sa tun kullen korona na 2020 na koma Google Docs, wato manhajar Google da mutane da yawa za su iya rubutu a fayil ɗaya ta intanet.

Da farko kowa ya buɗe Gmail da sunan da ke kan rajistarsa, ba laƙabi ba. Kai malam da kanka za ka buɗe fayil ɗaya ma kowane gurup, ka danna Share, ka zuba imel ɗinsu a matsayin Editor, wato masu ikon rubutu da gyara. Kar ka ce duk mai link ya shigo, don wanda ya shigo babu akawun sunansa ba ya fitowa, kaga an koma gidan jiya kenan.

Inda amfanin yake shi ne Version history, yana ƙarƙashin File idan kana kan kwamfuta. Nan za ka ga wa ya rubuta me, wace rana, ƙarfe nawa, kowa da kalarsa. Akwai wata ɗaliba tawa matar aure da 'yan gurup ɗinsu suka kawo ƙara wai ba ta zuwa mitin, da na duba sai na tarar rabin babi na biyu ita ta rubuta, wajen ɗayan dare bayan yara sun yi barci, wallahi da a takarda aka miƙo min da na zalunce ta ban sani ba. Haka kuma wanda ya kwaso shafi uku daga intanet ya liƙa cikin minti ɗaya, shi ma za ka gan shi.

Gyara kuma ba sai an zo ofis ana layi ba, ka zaɓi jimlar ka ajiye kwament, ka sa alamar @ da sunan ɗalibin saƙo zai je masa.

Toh sai batun data da wuta. Rubutu ba ya cin data kamar bidiyo, kuma a waya za a iya saita fayil ya buɗu ko ba netwok, in ya dawo aikin ya hau da kansa. Mitin ta bidiyo a Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, ni na daina dogaro da shi. WhatsApp kuwa na sanarwa ne kawai, ni da kilas ref, wato wakilin aji, ke iya turawa.

Wanda ba shi da babbar waya ka neme shi tun satin farko, ya ari ta abokinsa ko ya shiga kafe, amma ya tabbata da akawun ɗinsa ya shiga, in ba haka ba makinsa wani zai tafi da shi.