Yadda ake cire tsatsa a bututun intakula na ƙarfe kuma a hana ta dawowa

Yawancin motocin turbo da ke zuwa mana nan Kaduna bututun intakularsu (intakula ita ce na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji) na asali alminiyam ne ko roba, ba ruwansu da tsatsa. Matsalar tana farawa ne ranar da na asalin ya fashe, aka nema aka rasa ko aka ji kuɗinsa aka ja da baya, sai a gangara Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, mai walda ya lanƙwasa ƙarfen salansa ya haɗa maka wani. Yana aiki kam, ban ce baya yi ba. Amma iskar da turbo ke matsowa zafinta kan wuce digiri 100, ta shiga intakula ta huce, danshin da ke cikinta ya zama ruwa ya kwanta a bangon bututun, balle a watan Agusta da ko kayan shanya ba sa bushewa. Ta waje za ka ga fenti lafiya lau, ta ciki kuwa ja wur. Kuma duk ɓarɓashin da ya ɓalle ba shi da wata hanya sai cikin inji, ya bi ta bawul ya sauka kan fiston da ringi.

Kwance bututun ba sai na koya maka ba. Abu biyu kawai: in akwai sensa a jikinsa cire ta ka ajiye gefe tun kafin ruwa ya taɓa ta, sannan ka toshe bakin turbo da na intakula da tsumma mai tsabta ka ɗaure da leda. Na ga yaron shago ya bar bakin turbo a buɗe noti ya faɗa ciki, da ba a lura ba da an sayi sabon turbo.

Mataki na farko wanke mai ne, ba cire tsatsa ba. Nan sababbin hannu ke faɗuwa. Cikin bututun nan kullum akwai maiƙon baƙin mai da ke biyo iska daga injin, kuma ruwan tsami ba ya ratsa maiƙo, sai ka jiƙa kwana biyu ka zo ka tarar tsatsar na nan daram ka ce maganin jabu ne. Zuba kananzir, toshe bakin biyu, girgiza, zubar, sannan ruwan zafi da omo har sai ka sa yatsa ka ji ba santsi.

Daga nan sai ka zuba tsofaffin noti da ƙananan kusoshi kamar cikin hannu ɗaya, amma ka ƙirga su kafin su shiga, ka ƙirga bayan sun fito. Girgiza sosai, su za su kakkaɓe ɓawon da ya yi kauri a lungun gwiwa inda burushin waya ba ya kaiwa. Yashi kuwa a'a. Wasu za su ce maka a sa yashi ko tsakuwa ya fi sauri, ni dai a wurina haramun ne, ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a bakin walda ta fi tsatsar da kake gudu illa.

Sai jiƙo. Ni ruwan kal nake amfani da shi, farin nan da mata ke saya na girki, yana da arha kuma ba ya cin hannu. Toshe gefe ɗaya da leda da ƙyauro, cika shi taf, jingine a bango ya kwana, in tsatsar ta yi yawa ya yi awa 24. In kana da hali akwai ruwan cire tsatsa da masu fenti ke sayarwa mai sinadarin fosforik, shi ya fi, don yana barin ƙarfen da wani launi toka-toka mai duhu wanda ke ɗan tare tsatsa. Ruwan batir kada ma ka fara, zai ci tsatsar ya haɗa da ƙarfen, wurin waldar ya zama rariya.

To ga inda ni na sha kashi. Karon farko da na yi wa wata Hilux mai dizal, na zubar da ruwan kal da yamma bayan la'asar, na ɗauraye, na leƙa da tocila ƙarfe fari tas yana ƙyalli, har na kira maƙwabcin shagona ya zo ya gani. Na kife shi a kan benci na ce ya tsane zuwa safe. Da safe yarona ya ɗauko ya ce "Oga, wannan ne ka ce ka wanke?" Wallahi cikin ya koma ruwan goro gaba ɗaya, kamar ban taɓa shi ba. Ƙarfen da tsami ya wanke tsirara yake, ba abin da ya rufe shi, ga ragowar tsami ga danshi, cikin mintuna yake fara canza launi ba sai an kwana ba. Saboda haka kada ka zubar da jiƙon sai ka tabbata kana da lokacin gamawa a zama ɗaya, kuma da hantsi, ba da yamma ba. Kana zubarwa ka ɗauraye, nan take ka bi shi da ruwan kanwa ko bekin soda don ya kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwan zafi ƙwarai saboda ƙarfen ya ɗau zafi ya busar da kansa, sannan ka garzaya wurin mai faci ya hura masa iska ta ciki ta kowane ɓangare. In ba mai faci kusa, ɗora shi a rana kan kwano ko ka gasa shi sama-sama a gefen gawayi. Da rani wannan ba wuya, iskar hunturu kaɗai ta isa, damina ce ke wahalarwa.

Yana bushewa, tun da ɗuminsa, ka rufe cikin. Fentin gwangwani na feshi kada ya shiga ciki, zafi da maiƙo za su ɗaga shi ya riƙa ɓallewa yana bin iska, ka gudu daga tsatsa ka faɗa fenti. Ni tsumma nake ɗaurawa a waya, in ɗan shafa mata baƙin mai sabo in ja ta ciki sau biyu uku. Shafawa fa na ce, ba zubawa ba, musamman a injin dizal, don in mai ya taru da yawa a hanyar iska injin na iya shansa ya riƙa gudu da kansa ka kashe makulli ya ƙi mutuwa.

Wajen kuma mai sauƙi ne, samfefa, goge ƙura, faraima, sai fenti mai jure zafi shafi biyu. Ka kula da bakin da tiyo ke hawa, nan ruwa ke ɓuya a ƙarƙashin kilif, ka goge shi sumul amma kada ka cinye ɗan tudun nan na baki, shi ke hana tiyon fita in turbo ya matso.

In bayan wankin ka ga ƙananan ramuka masu zurfi ko ka haska tocila haske na fita ta jiki, ka daina wahalar da kanka, a yi maka na alminiyam ko sitenles, ya fi tsada amma sau ɗaya ne. Mayar da komai, cire tsummokaran da ka toshe da su, ɗaure kilif, tada mota ka shafa ruwan omo a mahaɗai wani ya taka maka totur, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. Ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke ka zare tiyon da ya fi kowanne ƙasa ka sa yatsa ka duba launin da zai fito da shi.