Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da korutin a harshen Lua, da yadda ake gyara su

Lua, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta wanda Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙirƙiro a jami'ar PUC-Rio da ke Brazil a 1993, ya samu korutin a fitowarsa ta 5.0, a 2003. Korutin aiki ne da zai iya dakatawa a tsakiyar hanya da umarnin coroutine.yield, ya miƙa ragama ga wanda ya kira shi, daga baya a tashe shi da coroutine.resume ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Tsari ne na karɓa-karɓa, domin babu mai ƙwace ragama daga hannun wani, sai mai riƙe da ita ya sake ta da kansa, kuma yawancin kurakuran da masu koyo ke yi daga mantawa da wannan suke tasowa.

Mafi girmansu shi ne zaton cewa korutin goma suna gudana a lokaci guda. Ɗaya ne kawai yake aiki a kowane lokaci, sauran suna jira. Idan mutum ya rubuta shirin da zai sauke fayiloli goma daga intanet ta LuaSocket, wato tarin umarnan Lua na sadarwa ta intanet, kowanne a korutin ɗinsa, sai ɗaya ya tsaya a kan receive, umarnin karɓar bayanai, yana jiran sabar da ta yi jinkiri, wato kwamfutar da ke aiko da fayil ɗin, to duk sauran taran sun tsaya tare da shi. Haka ma idan aka kira os.execute don a yi ɗan barci, ko io.read don jiran abin da za a buga. Gyaran shi ne a saita settimeout, wato tsawon lokacin jira, zuwa sifili, ta yadda idan bayanai ba su iso ba za a dawo da saƙon timeout nan take, sai korutin ya yi yield. Amma kada a tsaya nan, domin mai rabon ragama, wato sashen shirin da ke tashin korutin ɗaya bayan ɗaya, zai yi ta zagaye yana tashin waɗanda ba su da abin yi, yana cinye ƙarfin kwamfuta a banza. Ya kamata a yi amfani da socket.select a jira har sai wata hanyar sadarwa ta samu bayani. Lissafi mai tsawo ma haka yake riƙe kowa, sai a sa yield bayan kowane zagaye dubu ko makamancin haka.

Wanda ya fi ɓata wa mutane lokaci, a ganina, shi ne kuskuren da ke ɓacewa shiru. Idan matsala ta auku a cikin korutin, coroutine.resume ba ya tsayar da shirin. Yana dawo da false ne tare da saƙon kuskuren, kamar yadda pcall, umarnin da ke kiran aiki ya kama kuskurensa, yake yi, kuma wanda bai duba abin da aka dawo masa da shi ba zai ga wani sashe na shirinsa ya daina motsi ba tare da wani bayani ba. Dole ne a riƙa karɓar ƙimar farko a duba ta a kowane kira. Idan false ce, a ba debug.traceback korutin ɗin kansa tare da saƙon, domin Lua ba ya share jerin kiraye-kirayen korutin da ya mutu ta kuskure, saboda haka za a ga ainihin layin da abin ya faru. Wanda yake son kuskure ya fito fili da kansa zai iya amfani da coroutine.wrap, sai dai ya sani cewa ya rasa damar tambayar halin da korutin yake ciki.

Tambayar halin tana da amfani, domin korutin da ya kai ƙarshen aikinsa ko ya faɗi ya mutu ke nan, kuma sake tashinsa ba ya haifar da komai sai saƙon "cannot resume dead coroutine". A duba coroutine.status, idan ya nuna dead a cire shi daga jeri. A yi cirewar daga ƙarshen jeri zuwa farkonsa, domin table.remove yana matso da na baya, kuma mai tafiya daga farko zai tsallake na gaba bai sani ba.

Akwai kuma ruɗani kan abin da ake miƙawa. Abin da aka ba resume a karon farko yana shiga ne a matsayin abin da aikin ya fara da shi, amma daga karo na biyu yana fitowa ne daga bakin yield ɗin da aka tsaya a kai.

Wani lokaci yield yana ƙin aiki da saƙon "attempt to yield across a C-call boundary". Hakan na faruwa idan aka yi shi a cikin aikin da wani umarni da aka rubuta da harshen C ya kira, kamar mai kwatantawa a table.sort ko mai musanyawa a string.gsub. A Lua 5.1 har pcall yana cikin wannan takura, sai fitowa ta 5.2 a 2011 ta ɗage ta. A fara tattara bayanan da ake buƙata kafin a kira irin waɗannan umarnai, kuma daga 5.3 akwai coroutine.isyieldable don a tabbatar.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne sakin jiki da cewa tunda babu mai ƙwace ragama, bayanan da ake tarayya a kansu ba za su lalace ba. A ɗauki wasan kwamfuta inda takobi ɗaya ya rage a shago. Korutin na farko ya duba ya ga saura ɗaya, ya yi yield yana jiran tabbacin biya, na biyu ya zo ya ga ɗayan nan, shi ma ya saya, daga ƙarshe adadin ya koma ƙasa da sifili. Abin da ke ƙara wa lamarin haɗari a Lua shi ne yield yana iya ɓuya a can cikin wani aikin da aka kira, ko da ba a ga kalmar a layin da ake karantawa ba. Saboda haka a rage adadin tun kafin a dakata, a mayar da shi idan biyan bai yiwu ba, ko kuma a sake dubawa bayan kowane kira da ake zaton zai iya dakatawa.