Darasi na 9: Raba Had Dis Domin Windows da Linux Su Zauna a Kwamfuta Ɗaya

To 'yan uwa ɗalibai, yawancinmu a nan Katsina laftof na hannu muke saye, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta hawa injin da ba shi da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta. Wannan ba dalili ba ne na jingine laftof a kusurwar ɗaki. Za ka iya ɗora Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, kamar Ubuntu ko Mint, kyauta ne, Windows ɗinka kuma tana nan ba ta tafi ko'ina ba.

Abin kamar gida ne da aka ja katanga a tsakiya, kowa da nasa sashen. Had dis guda ɗaya ake yanka wa kashi-kashi, masu gyara suna cewa fatishin.

Amma kafin komai, don Allah ka kwashe kayanka a falash ko wani had dis na waje: hotunan biki, takardun makarantar yara, lissafin shago. Kuma ka cika batir ko ka tada janareto, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, ko batirin ya mutu, to fa kayan suna iya lalacewa gaba ɗaya, kuma ba kowane mai gyara ne zai iya dawo da su ba. Wannan wajen shi ne ya fi damuna, shi ya sa nake ta nanata shi.

Sai ka danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓi Disk Management, ka danna C, wato fatishin ɗin da Windows take, da gefen dama na mawus, ka zaɓi Shrink Volume. Ubuntu tana son aƙalla giga 25, ni dai ina cewa a ba ta 50 in da wuri. Wurin da ya fito baƙi, wato filin da ka ware wa Ubuntu, ka bar shi haka nan. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle dis da shi, a kunne ka rubuta lambar buɗe shi a takarda tukuna, kuma ka kashe Fast Startup, saitin Windows da ke sa ta tashi da sauri.

Daga nan sai manhajar Rufus, ita ke ɗora Ubuntu a falash mai giga 8 ko fiye, amma tana goge duk abin da ke cikin falash ɗin. Wajen ɗora Ubuntu a kwamfuta daga falash ɗin ka karanta da kyau, zaɓin da ke cewa a zauna tare da Windows shi za ka taɓa, ban da wanda ke goge dis ɗin duka. Kullum Windows ake fara sawa sannan Linux, ta haka GRUB, allon zaɓi na Linux, zai fito duk lokacin da ka kunna ya tambaye ka wacce za ka shiga.

Tsofaffin injuna masu tsohon tsarin raba dis da ake kira MBR manyan fatishin 4 kawai suke ɗauka, sabon tsarin GPT kuwa har 128. In naka ya cike, sai mu duba shi tare da GParted, wata manhajar gyaran fatishin.

Aikin gida: buɗe Disk Management, kar ka canza komai, rubuta fatishin nawa ka gani da girman kowanne, ka zo da shi aji.